Ranar da Motar Elmurod Ta Tafasa a Hanyar Nanai

Ku da kuka cika min akwatin saƙo da "Hulkar ki yi haƙuri ki karɓe shi, ai namiji ba ya kaɗan," to ku gyara zama. Yau zan ba ku labarin namijin naku, in na gama sai ku maimaita min in ji.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Hulkar, shekarata ashirin da bakwai, ni ce babba a gidanmu a Namangan. Babanmu mai gyaran lagireto ne, shagonsa a jikin gidanmu yake. Shekara shida ke nan da hannunsa ya fara rawa. Tun daga lokacin shi ke zama a ƙofar shago yana karɓar aiki yana shan shayi da direbobi, ni kuma ina can bayan labulen tamfol ina wanke lagireto ina liƙe shi da dalma. Duk direban da ya yaba wa hannun Baba, hannuna ya yaba wa bai sani ba. Manema uku sun zo, sun binciki unguwa, sun gano, sun sulale. Ni ko a jikina.

Damuwar ita ce ƙanwata Durdona. Shekara biyu ke nan iyayen Shuhrat suna nemanta, ita ma tana sonsa kamar ranta, amma ba a aurar da ƙanwa yayarta na zaune, Baba kuma ya ce ba a kansa za a fara ba. Watan jiya uwar Shuhrat ta aiko cewa haƙurinsu ya zo wuya. In aka fara tsinkar auduga ba a sa rana ba, za su nema masa wata. Shi ya sa da Elmurod ya ɓullo daga Chust, mahaifiyarmu, Oyi, ta karɓe shi hannu bibbiyu, tsuntsu daga sama gasasshe. Har samsa, burodin nan mai nama a ciki, ta gasa ta raba wa maƙwabta gida-gida don su riƙe bakinsu in an zo bincike.

Bari in kwatanta muku shi. Farin wando, takalmi mai tsinin baki, turaren da yake riga shi shiga ɗaki ya kuma ƙi fita bayan ya tafi. Hoton da ya sa a Telegram, jingine yake da wata baƙar mota wadda ko makaho ya shafa ya san ba tasa ba ce. Saƙon murya kuwa, mafi gajarta minti huɗu, kuma rabinsa "kamfanina" ne. Ranar Alhamis ya rubuto min:

"Sarauniyar kamfanina, Asabar ki shirya. Mamana ta gayyace ku gonar kawuna a Nanai. Ni da kaina zan tuƙa ku, na ba direbobina hutu."

Ya bi shi da fure bakwai. Direbobinsa! 'Yar bas ɗaya tal gare shi, shi ne direban, shi ne kwandasta, shi ne kamfanin. Na rubuta "To," na kife wayar.

Asabar da hantsi Oyi ta zaunar da ni a kan shimfiɗar baranda da rabin lemun tsami da tsohon buroshi, ta dirji farcena kamar ta kama ɓarawo. Da baƙin ya ƙi fita, sai ta lafta min jan farce har shafi uku. Ta fito min da rigar atlas, silikin nan namu, mai ruwan ƙwai da ja wadda take ɓoyo a ƙasan akwati, da 'yan kunnen kakata. Durdona ta goge min farin ɗankwali har sau biyu.

Oyi ta ce, "Na gaya musu ɗinki kike yi."

"Ɗinki, Oyi? Ni da ko maɓalli ya cire sai Durdona ta..."

"Rufe min baki! Yau kanki a ƙasa. In an tambaye ki, ki ce eh ko a'a. Shayi ki zuba kaɗan-kaɗan, ki miƙa da dama, hagu a ƙirji. Ko tayar motar ce ta fita tana gudu a gabanmu, ba ki gani ba. Kin ji ni?"

"Na ji."

"Ki rantse."

Na kalli Durdona tana ɗaure gurasa a cikin ƙyalle, kunnenta duk yana wajenmu. Na rantse.

Tun motar tana kwanar layinmu na ji ta. Da ta tsaya sai warin nan ya dake ni, warin ruwan da ya sha tafasa a cikin ƙarfe. Farar 'yar bas ce irin mai inji a ƙarƙashin kujerun gaba, an yi mata ado ta ko'ina, labule mai leshi, jan barkono da ƙaya a madubi don kambun baka, sunansa da ruwan zinare a gilashin baya. A bayan kujerarsa kuwa na ƙirga gorunan roba shida cike da ruwa mai launin ƙasa, ruwan magudana ke nan. Jama'a, in kuka ga direba yana yawo da gora shida, ba ƙishirwa yake ji ba.

Uwarsa, Muyassar Hola (haka muke ce wa duk mace sa'ar uwa, Hola), ta cika kujerar gaba dam. Rigar karan-miski a watan shida, haƙoran zinare huɗu, gira haɗe da gira. Na gaishe ta na rusuna har sau uku kamar yadda aka koya min. Ta kama hannuna na dama, ta juya shi, ta ƙura wa jan farcen ido, ta ce, "Hm." Shi ke nan.

Na zauna daidai bayan Elmurod, don haka allurar zafin injin tana gabana ta saman kafaɗarsa. Kafin mu fita gari ta wuce rabi. Na ce a raina cunkoso ne, in muka hau buɗaɗɗen titi iska za ta sauke ta. Muka hau, ya taka mota, bishiyoyin bakin hanya suna ta zubar da audugarsu, allura ko gezau. Wannan ya tsaya min a rai, domin motar da ke zafi a cunkoso ta huce a gudu, fankarta ce. Wadda ta ƙi hucewa a gudu kuwa, ko ruwa ba ya zagayawa, ko iska ba ta shiga.

Shi kuwa gogan yana ta zuba.

"Hola, wannan da kuke gani ita ce ƙaramar cikinsu," yake gaya wa Oyi. "Ni ba na kai mota wajen bakanike, duk macuta ne. Da hannuna nake komai. Bana kaɗai famfon ruwa biyu na canza mata, da sabuwar fanka."

Oyi ta ce, "Masha Allahu! Namiji ke nan."

Famfo biyu a 'yan watanni, kuma bai tambayi kansa dalili ba. Na zaro waya na rubuta wa Durdona da ke zaune kafaɗa da kafaɗa da ni:

"Motar nan ba za ta kai ba."

"Opa, yayata, don Allah."

"In aka kunna hita za ta ja zafin injin ta rage masa."

"Hita? A wannan ranar? Ki rufa min asiri."

Muka fara hawa. Allura ta doshi ja. Rantsuwa ta hana ni maganar inji, amma ba ta hana ni jin sanyi ba. Na sunkuyar da kai, na siranta murya.

"Ina ɗan jin sanyi. Ko za a taimaka a kunna hita?"

Muyassar Hola ta juyo da ƙyar, gumi yana bin wuyanta.

"Sanyi? 'Yar nan lafiya gare ta kuwa?"

"Ƙalau take!" in ji Oyi, ta kama cinyata ta murɗe har sai da na ga taurari. "Kunya ce. In ta ji kunya haka take yi tun tana ƙarama."

Elmurod ya saki sitiyari da hannu ɗaya, ya jawo kwat ɗinsa ya miƙo min baya, yana min murmushi ta madubi wai shi ga mai kula. Haka na zauna lulluɓe da kwat mai warin turare a cikin motar da ta zama tanderu, ina kallon allura tana shiga ja. Shi ma ya gan ta, ya ɗan ƙwanƙwasa gilashin da farce.

"Kar ku damu da wannan, haka take, tsoro ne da ita."

Ba a yi minti biyar ba uwarsa ta fara mutsu-mutsu.

"Elmurod, kujerar nan fa gasa ni take yi."

"Rana ce, Mama."

"Ranar ta ƙasa take fitowa yanzu?"

Sai muka ji ƙululu-ƙululu a ƙarƙashinta, tururi ya fara tasowa ta gefen kujera. Hola ta ƙwalla salati. Ya gangara gefen titi kusa da wani rafi da ke saukowa daga dutse, ya kashe motar nan take, muka fito kowa yana fifita da ɗankwali, ni da kwat ɗina.

Nan fa aka shiga bincike irin na manya. Da farko ya ce gas ɗin da aka ɗura masa da safe ne marar kyau. Daga nan ya zagaya motar ya harbi taya. Sannan ya ce kambun baka ne, tun da ya fara neman aure mahassada suka sa shi a gaba. Ya fito da waya zai kalli bidiyo, babu sabis. Duk wannan bai sunkuya ko sau ɗaya ba, saboda farin wando. Ni kuwa daga inda nake tsaye, kaina a ƙasa kamar yadda aka umarce ni, na ga ƙarƙashin motar sarai. Babu ɗigo, babu tiyon da ya fashe.

Ya ɗaga kujerar da uwarsa ta tashi, injin ya bayyana yana huci. Ya naɗe hannun riga, ya miƙa hannu ga murfin lagireto.

"Kar ka buɗe!"

Wallahi ban san ta fito ba. Oyi ta dafe ƙirji. Elmurod ya juyo yana dariya, irin dariyar da ake yi wa yaro ya ce zai ɗauki buhu.

"Haba sarauniya, kwantar da hankalinki. Ku da allura da zare, mu da ƙarfe."

"Ruwan yana tafasa, a matse yake. Ka bari ya huce."

"Kin ji ta, Mama? Tun yanzu tana tausayina."

Ya murɗa.

Na sha ganin wannan a shago, amma ban taɓa ganin wanda aka gargaɗa da baki biyu ya yi ba. Ruwa mai tsatsa ya yi tsiri har rufin motar, ya wanke leshin, ya wanke farin wandon, ya dafa masa bayan hannun dama. Ihun da ya yi sai da dutsen ya amsa. Ya yi ta tsalle yana yarfe hannu yana kiran uwarsa, shi da ya ba direbobinsa hutu.

"Ke ƙanwa!" ya daka wa Durdona tsawa. "Ɗauki bokiti ki ɗebo ruwan rafin nan a zuba mata, maza!"

Durdona ta ruga ta ɗebo. Ruwan nan daga ƙanƙarar kan dutse yake narkowa, in ka sa yatsa sai ya ƙage. A sheƙa shi cikin injin da yake wuta, kan injin ya tsage ke nan, mota ta zama ɗakin kaji. Ni ba motarsa nake ji ba, Allah ya sani. Amma shekara shida ina wannan aikin, ba zan iya tsayawa ina kallo a kashe inji da ransa ba. Na cire kwat ɗin na yar a kan ciyawa, na karɓe bokitin daga hannun Durdona, na dire shi a gabansa.

"Hannunka za ka tsoma a ciki. Kar ka fitar sai na ce."

"Hulkar!" in ji Oyi.

"Oyi, ku yafe min. Kaffara zan yi."

Hola ta zaro kwalbar kindirmo za ta shafa masa, na ce a'a, ruwan sanyi kawai. Ta dube ni, ta mayar da kwalbar. Ta sa Durdona ta shimfiɗa mata katifar zama a inuwa, ta buɗe ƙullin ceri, jajayen 'ya'yan itacen nan masu ƙwallo, ta zauna tana ci tana tofar da ƙwallo tana kallona.

Na bar injin ya sha iska. Kafin nan na bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya yadda Baba ya koya min, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Na zaro sandar gwajin baƙin mai, yana nan baƙi, bai koma kalar shayi da madara ba, wato gasket ɗin da ke raba ruwa da mai a inji bai ƙone ba tukuna, wawa ya ci sa'a. Na danna fambel, a ɗaure yake. Fanka tana juyi, na ji ta tun a hanya. Na naɗe hannu da tsumma na taɓa tiyon sama, wuta. Na taɓa na ƙasa, shi ma wuta, kusan ɗaya. Ruwa yana zagayawa ke nan, yana shiga lagireto da zafi yana fita da zafinsa. Saura abu ɗaya.

Na jawo tabarmar roba daga bayan motar, na tattare rigar atlas ɗin Oyi tsakanin gwiwoyi, na kwanta rigingine na shige ƙarƙashin gaban motar. Ina jin Oyi a sama tana ta ɗinke ɓaraka.

"'Yan abubuwa ne take gani wajen babanta, kun san yara da kwaikwayo. Amma ɗinkinta, Hola, in kun ga ɗinkinta..."

Na ɗaga ido, sai ga shi. Ƙaton kwalin sabulu, an ninka shi biyu, an ɗaure da waya a fuskar lagireto, ya rufe fiye da rabinsa. Ɗan wurin da ya rage kuma audugar bishiya da matattun ƙwari sun toshe shi kamar bargo. Na kwanta a wurin ina dariya marar sauti har hawaye ya shiga kunnena. Kowane direba a garin nan yana sa kwali a gaban lagireto in sanyin hunturu ya tsananta, don inji ya riƙe ɗumi. Kowane direba kuma yana cire shi kafin Nauruz, bikin shigowar bazara. Shi namu ya sa a watan sha biyu ya manta, ya yi wata uku yana canza famfo daga sama yana zagin bakanikai.

Na warware wayar, na fito da kwalin, na ɗaga shi sama.

"Wannan na waye?"

Ya dube shi daga inda yake tsugune da hannu a bokiti.

"Ai... ai kowa yana sawa."

"Da hunturu. Yau wata nawa?"

Durdona ta toshe baki da ɗankwali. Hola ta tofar da ƙwallon ceri.

Na share audugar da reshe. Da injin ya huce har ina iya ɗora tafi a kansa, na ɗauko manyan filas biyu na ruwan shayinmu, na sirka da na rafi ya zama mai ɗumi. Na tayar da motar, na riƙa zubawa a hankali ina matsa tiyon sama, iska tana fita ɓul-ɓul, har ruwan ya tsaya cak a wuya. Robar murfin ma ta tsattsage, na juya ta na ɗaure da haƙuri. Na bar ta tana aiki minti goma. Allura ta hau rabi ta zauna daram kamar an kafa ta da ƙusa.

Na kalli kaina a gilashin ƙofa. Jan farce ya ɓare, baƙin mai har gwiwar hannu, atlas ta tashi daga aiki. Oyi ta ƙi kallona. Durdona ta yi tsuru-tsuru. A raina na ce shi ke nan, na huɗu ma ya tafi. Kuma tunda na yi muku alkawarin gaskiya a wannan shafin, bari in faɗa: daɗi na ji. Na ji tausayin ƙanwata ƙwarai, amma a ƙarƙashin tausayin wani sanyi ne ya ratsa ni.

Hannun Elmurod ya tashi ya yi ɓororo, ba damar riƙe giya. Ya fara cewa zai gwada da hagu.

"Ba ta makullin," in ji uwarsa.

"Mama, mace? A wannan hawan?"

"Na ce ba ta. Koma baya ka zauna."

Haka na hau kujerar mai kamfani, Hola a gefena, shi a baya tsakanin kwanduna da hannu naɗe a ɗankwalin Durdona. Motar ta kama hawa lafiya lau. Oyi ta sake ɗauko zancen ɗinki, sai Hola ta ɗaga hannu.

"'Yar'uwa, daina wahalar da kanki. Na san ko zare ba ta iya zurawa ba."

Oyi ta riƙe baki.

"Samsarki ta toshe bakin matan unguwa, amma ni ba mata na tambaya ba. Ƙanina na aika gidan shayin direbobi. Suka ce duk kwarin nan ba a liƙin lagireto kamar na shagon tsohon, sai dai tsohon ko kofi ba ya iya riƙewa. Sauran lissafin na yi da kaina." Ta goge baki da gefen mayafi. "Inji biyu yaron nan ya kashe min a shekara uku. Tun bazara motar nan ba ta taɓa hawa tudu ba ta tafasa ba, shi ya sa na ce a zo Nanai, in gani da idona. To na gani."

"Wato... ba ku fasa ba?" in ji Oyi.

"In fasa? Da kyau nake nema ai da ban baro Chust ba, 'yan mata masu kyau sun cika gari." Ta dafa gwiwata da hannunta mai danƙon ceri. "Katangar gidanmu doguwa ce, 'yata. Ki yi aikinki a tsakar gida, ba mai ganinki. In kin shigo zan ƙara masa mota ta biyu, har na maƙwabta ma a karɓa. A waje a ce Elmurod ne mai gyara, namiji yana son suna. Ai kin saba."

Ai kin saba. Jama'a, an sha zagina a kan aikin nan, an kira ni mata-maza, an ce hannuna ya fi na maƙeri, ban taɓa jin abin da ya ƙona ni kamar wannan yabon ba. Labulen da nake shiga a shagonmu don Baba nake shiga, mutumin da ya riƙe hannuna ina 'yar shekara tara ya nuna min yadda dalma take narkewa, wanda in direba ya yaba sai ya leƙo ya ɗaga min gira. Shi ne wannan matar take so in yi wa ɗanta har in mutu.

Daga can baya sai ga muryar ɗan nata.

"Ni fa dama na san kwalin ne. Gwada ta nake yi."

Oyi tana ta "Alhamdulillahi" tana share hawaye. Na kalli madubi, na ga fuskar Durdona. Rabona da ganinta haka tun kafin saƙon uwar Shuhrat. Hola ta ce yayanta yana can yana jiranmu da tukunyar osh, dafa-dukan shinkafa da nama, yau a gabansa za a tsayar da magana, Juma'a maza su kawo gurasa gidanmu a karya. Kun san a wajenmu in an karya gurasa baiko ya tabbata, an gama.

Gabanmu kaɗan akwai wani fili inda manyan motoci suke juyawa. Na sa sigina, na shiga, na karya kan motar, na fuskanci gangare.

"Ina kuma za ki?" in ji Hola. "Ta sake zafi ne?"

"A'a, Hola. Motar za ta iya hawa. Ni ce ba zan iya ba."

Oyi ta kira sunana sau uku, na ukun da muryar da ban taɓa ji ba. Ban juya ba. Har muka shigo Namangan ba wanda ya ƙara magana sai Elmurod, da yake tambaya ko tabon zai fito a hoton biki.

Na tsaya a ƙofar shagonmu da la'asar, na miƙa wa Hola makulli, ina jiran ta wanke ni tas. Sai ta mayar min da shi cikin tafina ta dunƙule min yatsu.

"Tuƙinki ma ya yi min. Mace mai zuciya ta fi riƙe gida. Mu za mu hau taksi, motar ta zauna a nan, ki wanke mata lagireton nan da ya sha ruwan magudana, ki sa sabon murfi. Juma'a in maza sun zo da gurasa sai su tafi da ita."

Kun ji fa. Ko gurasar ba a karya ba an fara ba ni aiki.

Yau Laraba. Motar tana nan a ƙofar gida da leshinta mai tsatsa, ban taɓa ta ba. Oyi ta ɗaure kai da ɗankwali ta kwanta, ta ce hawan jininta a wuyana. Elmurod ya turo hoton hannunsa a naɗe daga kusurwa uku, da saƙon murya na minti shida wanda ban buɗe ba. Baba ya kira ni bayan labule jiya, ya sa na ba shi labarin kwalin har sau biyu yana dariya yana tari, sannan ya ce, "Ranar Juma'a abin da kika ce shi zan faɗa musu. Amma a aurar da ƙanwa kafin yayarta, wannan ba zan iya ba, 'yata, kar ki roƙe ni."

Durdona kuwa tun Asabar ba ta yi min magana ba. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta yi gaba da abinci ba, tana shara tana wanke-wanke kamar kullum. Ɗazu na same ta a tsakar gida tana wanke rigar atlas ɗin, tana murza baƙin man da sabulu a hankali don kar zaren ya tashi. Na tsuguna kusa da ita.

"Durdona, kin dai ga mutumin da idonki. Kin ji abin da uwarsa ta ce. Ke za ki iya?"

Ba ta ɗago ba.

"Ban ce ki iya ba, Opa."

"To ki ce wani abu mana. Ki zage ni ma."

Ta matse rigar, ta girgiza ta, ta shanya a igiya, ta daidaita kafaɗun. Sannan ta juyo ta dube ni, idonta a bushe.

"Uwar Shuhrat ta je ganin wata yarinya jiya. Shi ya gaya min da kansa, yana kuka." Ta ɗauki bahon. "Shekara biyu kina kore su ɗaya bayan ɗaya kina ba mu dariya, ni ma ina taya ki. Ko sau ɗaya ba ki tambaye ni ko dariyar tana min daɗi ba."

Ta zubar da ruwan a gindin inabi ta shige ɗaki. Ni da bakina bai taɓa mutuwa a gaban kowa ba, ina nan tsugune a inda ta bar ni, kuma jibi ne Juma'a.